Abokin cinikina a ƙasar Sin ya gayyace ni bikin sabuwar shekara a gidansu: me zan tarar?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekara shida ke nan ina sarin yadi a wajen wani mutum a ƙasar Sin. Duk shekara akwai lokacin da masana'antarsa take rufewa kusan wata guda, waya ma da ƙyar yake ɗauka, sai ya ce sabuwar shekararsu ce. Bana ya ce in zo in yi bikin tare da iyalinsa a garinsu. Don Allah mene ne ainihin abin da suke yi a cikin gidajensu, me ya sa bikin yake cin lokaci haka, kuma ni da nake Musulmi yaya zan yi idan na je?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka uku ce a dunƙule: abin da ke faruwa a cikin gida, dalilin da ya sa aiki yake tsayawa, da yadda baƙo Musulmi zai zauna a cikinsu ba tare da ya cuci addininsa ko ya kunyata mai gida ba. Na yi karatun Sinanci a can, daga baya na yi shekaru ina tafinta tsakanin 'yan kasuwarmu da masu masana'antu a Guangzhou da Yiwu. Sau biyu na yi wannan biki a cikin gida: sau ɗaya a wani ƙauye na lardin Shandong a arewa, gidan abokin karatuna, sau ɗaya kuma a Foshan a kudu, gidan wani mai masana'anta. Da waɗannan zan amsa maka.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, rawar dodo da wasan wuta da kake gani a talabijin ado ne kawai. Zuciyar bikin komawa gida ce. Mutum ya koma inda iyayensa suke, ya biya bashin da ke kansa, ya gaishe da na gaba da shi, ya zauna a teburi ɗaya da jininsa a daren ƙarshe na shekara. Wannan teburin kuwa ba a saba zaunar da bare a kansa ba. Wanda ya kira ka zuwa otal ya ciyar da kai, ciniki yake nema. Wanda ya kira ka zuwa wannan teburin, ya wuce nan.

Yadda suke lissafin ranar

Sinawa suna kiran bikin Chunjie, wato bikin bazara, amma a bakin mutanen gari abin da za ka fi ji shi ne guonian, ƙetare shekara. Sunan bikin bazara ya samu gindin zama ne bayan 1912, lokacin da ƙasar ta karɓi kalandar miladiyya don harkokin gwamnati, aka buƙaci bambanta sabuwar shekarar gargajiya da ta ɗaya ga Janairu.

Kalandarsu ta wata ce kamar tamu ta hijira, wata yana yin kwana 29 ko 30. Inda muka rabu biyu ne. Mu muna jiran ganin jinjirin wata, su kuma suna fara ƙirga ne daga ranar da watan ya ɓuya gaba ɗaya, da lissafin taurari. Sannan mu mun bar shekararmu tana ja da baya da kwana goma sha ɗaya, shi ya sa azumi yake zagaya zafi da damina da hunturu. Su manoma ne da suke son wata ya riƙa tafiya tare da lokacin shuka, don haka sukan ƙara wata na goma sha uku sau bakwai a cikin kowace shekara 19. Wannan ne ya ɗaure bikin tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ba ya fita daga nan. A 2024 ya faɗo 10 ga Fabrairu, a 2025 29 ga Janairu, a 2026 17 ga Fabrairu, dab da kamawar watan Ramadan, a 2027 kuma 6 ga Fabrairu. Kowace shekara tana da dabbarta a cikin dabbobi goma sha biyu da ke zagayawa: 2025 ta maciji, 2026 ta doki, 2027 ta akuya. Za a tambaye ka dabbar shekarar haihuwarka. Ka nemi sani kafin ka tafi, domin hanya ce ta ladabi da suke bi su gane wa ya girmi wa.

Dalilin da masana'anta ke yin shiru

Hutun da gwamnati ta yanka bai kai yadda kake gani ba. Daga 2025 kwana huɗu ne na doka, ana haɗa su da ƙarshen mako su kai kwana takwas ko tara. Abin da ya mayar da shi wata guda shi ne inda ma'aikatan suka fito. Masu ɗinki da saƙa da ɗaure kaya a lardunan Guangdong da Zhejiang, inda Guangzhou da Yiwu suke, akasarinsu ba 'yan can ba ne. 'Yan ci-rani ne daga Sichuan da Hunan da Henan da Guangxi da Guizhou. Irinsu a ƙasar sun kusa miliyan 300. Da yawansu sun bar 'ya'ya a hannun kakanni, kuma sau ɗaya tak suke ganin yaran a shekara. Ka dubi yadda Kano take raguwa idan babbar salla ta matso, masu ga-ruwa da 'yan dako da masu shayi duk sun tafi gida, sai ka ninka wannan har inda hankalinka ya tsaya.

Wannan ƙaura tana da suna, chunyun, kuma hukuma tana ware mata kwana 40, farawa daga kwana goma sha biyar kafin bikin. A 2025 an ƙirga tafiye-tafiye kimanin biliyan 9 a cikin waɗannan kwanaki, har da masu tuƙa motocin kansu. Tikitin jirgin ƙasa yakan ƙare cikin mintuna da buɗe sayarwa. A 2008 ƙanƙara ta katse wutar layin dogo a kudancin ƙasar, dubban ɗaruruwan mutane suka yi kwanaki a filin tashar Guangzhou cikin sanyi da ruwa, da yawa suka ƙi juyawa, gida kawai suke so. Ma'aikacin da ya samu tikiti na kwana goma kafin biki, tafiya zai yi, mai masana'anta ba shi da ta cewa. Bayan biki kuma ba ya dawowa sai an wuce sha biyar ga wata, wani ma ba ya dawowa sam, ya samu aiki a wani wuri. Babbar kasuwar Yiwu kanta sai sha biyu ga watan farko take buɗewa.

A aikina na ga inda wannan yake cizon mutanenmu. Kayan da aka yi a makonni biyu na ƙarshe kafin biki, ana yin su da gaggawa, sai ka tarar launi ya bambanta ko awo ya gaza. Kayan farko bayan biki kuma sababbin hannu ne suka yi su. Wanda yake son kayan salla ya iso a kan lokaci, ya ba da oda tun watanni biyu ko uku kafin bikin. Sai kuma maganar bashi, wadda na fi so ka ji. A al'adarsu ba a ƙetare shekara da bashi a wuya. Mai masana'anta dole ya sallami ma'aikatansa da albashi da kyautar ƙarshen shekara kafin su hau jirgi, ya biya masu zare da masu rini. Idan akwai ragowar kuɗinsa a hannunka, ka biya kafin ka taka ƙofar gidansa. Babu tsarabar da za ta kai wannan daɗi a wurinsa. Shi kuma ba zai tambaye ka a kwanakin biki ba, domin neman bashi a farkon shekara abin ƙi ne.

Shirin gida

Ƙamshin biki yana fara tashi tun takwas ga watan ƙarshe, ranar da ake dafa kunun laba na shinkafa da wake da gyaɗa da busassun 'ya'yan itace. A arewa ranar ce ake jiƙa tafarnuwa a ruwan tsami, kafin daren biki ta koma kore shar. Amma aiki na gaske yana farawa 23 ga wata a arewa, 24 a kudu, ranar da suke kira ƙaramar shekara. A tsohon imaninsu akwai abin bauta na murhu, Zao Jun, wanda hotonsa yake manne a madafa, kuma a wannan rana yake tafiya sama ya kai rahoton halin mutanen gidan. Sai a miƙa masa alewa mai danƙo don bakinsa ya yi zaƙi, ko ya manne. A birni yanzu mutane da yawa alewar kawai suke ci.

Daga nan sai shara. Ana fitar da komai, a kakkaɓe yana, a wanke tagogi da labule. Kalmar ƙura a Sinanci, chen, tana da lafazi ɗaya da kalmar tsohon abu, don haka share ƙura share tsohuwar shekara ne. Wannan wasan lafazi shi ne mabuɗin kusan duk abin da za ka gani, domin Sinanci cike yake da kalmomi masu sauti ɗaya da ma'ana daban. Idan ka ga wani abu bai yi maka ma'ana ba, ka tambayi sunansa, yawanci amsar tana nan.

Ana aski, ana sayen sababbin tufafi, ana zuwa banki a canjo sababbin takardun kuɗi. A ƙofa ana manna jajayen takardu dogaye guda biyu, dama da hagu, da gajere ɗaya a sama, ɗauke da baitocin fatan alheri. A ƙauyen Shandong kakan abokina ne yake rubuta wa rabin layinsu da burushi da baƙar tawada, maƙwabta suna shigowa da takardunsu a naɗe, shi kuma yana tambayar kowa abin da gidansa ya fi buƙata a shekara mai zuwa, lafiya ko amfanin gona ko cin jarrabawar yaro. Za ka kuma ga harafin fu, wato albarka, an manna shi a kife. Ba kuskure ba ne: kalmar kifewa da kalmar isowa duk dao ake cewa, albarka ta kife, albarka ta iso. Ja kuwa, akwai tatsuniyar wani dodo mai suna Nian da yake fitowa a ƙarshen shekara yana cin mutane da dabbobi, har aka gano yana tsoron jan launi da wuta da ƙara. Yara ake ba wa labarin, amma shi ne bayanin da kowa zai ba ka na jan takarda da nokawut.

A Guangzhou da Foshan, inda sanyi bai da tsanani, akwai kasuwar furanni ta kwanakin ƙarshe. Kowane gida yana sayen tukunyar ƙaramin lemo mai 'ya'ya ja-ja da reshen fure ya ajiye a falo.

Daren da komai ya dogara a kansa

Daren jajibiri sunansa chuxi. Zan ba ka shi yadda na gan shi a Shandong, domin a nan ne tsohuwar al'ada ta fi fitowa fili.

Da la'asar mazan gidan suka tafi maƙabartar dangi da ke bakin gona, suka ƙona turare da takardu, suka "gayyato" kakanni su zo gida cin biki. A babban ɗaki an rataye wani zane mai ɗauke da sunayen magabata, an jera abinci da 'ya'yan itace da kyandir a gabansa, mutanen gidan suna rusunawa a wurin. Ni na tsaya a tsakar gida. Tun kafin in zo na gaya wa abokina cewa ba na rusuna wa kowa da komai irin wannan rusunawa, ya gaya wa mahaifinsa, magana ta ƙare a nan. Babu wanda ya sake tayar da ita, domin a ganinsu ma wannan hakki ne na jini, ba a neman sa daga baƙo.

Sanyi a waje ya wuce misali, amma a ɗaki akwai kang, wani gado na tubali da hayaƙin murhu yake bi ta ƙarƙashinsa ya ɗumama shi. A kansa aka ɗora allo, uwar gida tana murza ƙullun fulawa ƙanana-ƙanana kamar tafin hannun jariri, kowa kuma, har kaka da jikoki da ɗan da ya iso daga Shenzhen da safe, yana ɗauka ya zuba niƙaƙƙen nama da kabeji ya matse baki. Wannan shi ne jiaozi. Siffarsa irin ta curin azurfa ce da ake ciniki da shi a da, don haka cinsa fatan arziki ne. A cikin ɗaya ana ɓoye tsabar kuɗi da aka wanke, wanda ya ci karo da ita shi ne mai sa'ar shekara. Abin da ya tsaya mini a rai ba wannan ba ne. Tsohuwar ta aika gari an sayo sabuwar tukunya da sabon katakon yanka, an samo naman rago daga mahautan Musulmi 'yan ƙabilar Hui, ta haɗa nawa daban, ta kuma matse bakinsu da wata siffa daban don kada su gauraya. Mace ce da ba ta taɓa ganin baƙar fata ba kafin ranar. Duk lokacin da na tuna da ita sai na yi mata fatan alheri.

Teburin dare yana cika har faranti ya hau kan faranti, kuma kowane abinci da maganar da yake yi. Kifi dole ne, gaba ɗayansa da kai da wutsiya, domin yu kifi ne, yu kuma rara ce. Ba a cinye shi, ana barin saura ya kwana, don shekara ta shigo ta tarar da rara a gidan. Kada ka juya kifin a faranti, musamman a garuruwan bakin teku, inda ake ganin hakan kamar kifar da jirgi ne. A kudu ba jiaozi ne sarki ba. A Foshan an kawo kaza gaba ɗayanta, da niangao, wani curi na garin shinkafa mai danƙo da sukari, ɗan'uwan nakiyarmu, wanda sunansa yake daidai da "shekara ta ɗaukaka". Wurin zama ma da tsarinsa: babba yana fuskantar ƙofa, kuma ba a ɗaga tsinken cin abinci sai ya ɗaga. Kada ka soke tsinkayenka a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake tsayar da turare ga mamaci.

Da ƙarfe takwas ake kunna talabijin. Tun 1983 gidan talabijin na ƙasa yake gabatar da shagalin daren biki, waƙe-waƙe da barkwanci har bayan sha biyu. Matasa suna kushe shi, suna kallon wayoyinsu, amma ba a kashe shi. Ana zaune ana ɓare 'ya'yan sunfulawa da gyaɗa, ana karta ko majiang, wani wasan teburi da ake yi da ƙananan tubala masu zane, ba a barci. Wannan zaman yana da suna, shousui, tsaron shekara, kuma ana cewa hanya ce ta roƙa wa iyaye tsawon rai. Sha biyu na bugawa ƙauyen ya kama da ƙarar nokawut, ba ka jin maganar na kusa da kai, da safe tsakar gida ta yi ja da ɓawon takarda. Manyan birane sun takura wannan saboda gobara da hayaƙi. Beijing ta hana a 1993, ta sassauta a 2006, daga baya ta sake tsaurarawa. Idan garin abokinka ƙauye ne, ka shirya kunnuwanka.

Jan ambulan da gaisuwa

Tun duhun asuba na ranar farko aka tashe mu. Yara suka durƙusa gaban kakanni suka kai goshi ƙasa, kakanni suka miƙa musu jan ambulan. Sannan mazan dangi suka fita a jere, gida-gida, suna gaishe da duk wani dattijo na zuri'arsu. Wannan durƙuso ya fi ƙarfi a Shandong da maƙwabtanta. A wurare da dama an bar shi, ana dunƙule hannu ɗaya a rufe da ɗayan a gaban ƙirji a ɗan girgiza. Haka na yi, haka kai ma za ka yi, ya wadatar. Ka ce guonian hao, barka da ƙetare shekara, ko xinnian kuaile. Ga ɗan kasuwa kuma gongxi facai, wato ina taya ka murna, arziki ya ƙaru. A Guangdong za ka ji suna cewa kung hei fat choi.

Kuɗin ambulan shi ne goron sallarsu. Manya ke ba yara, ɗan da ya fara aiki kuma yana ba iyayensa da kakanninsa. A Guangdong ana kiransa lai see, duk mai aure yana ba marar aure, har mai gadi da mai shara, kuma kuɗin kaɗan ne, yuwan (kuɗin ƙasar) goma ko ashirin ba abin kunya ba ne. A Zhejiang da Fujian da Shanghai abin yana da nauyi, ɗaruruwa ne ko fiye. Ka tambayi wani ɗan yankin kafin ka cika naka. Ka sa sababbin takardu, ka guji lamba huɗu domin lafazinta ya yi kusa da na mutuwa, shida da takwas kuwa ana son su. Farin ambulan na gidan makoki ne, kada ka kuskura. Ana bayarwa da hannu biyu, ana karɓa da hannu biyu, ba a buɗewa a gaban mai bayarwa. Tun 2014 ana tura irin wannan kyauta ta manhajar waya ta WeChat, amma ga yaran gidan da ka sauka, na takarda ya fi.

Ranar farko tana da hane-hanenta. Ba a shara, ba a fitar da juji, don kada a share arziki. Ba a wanke kai, ba a faɗa, ba a ambaton ciwo ko mutuwa ko asara. Idan kofi ya faɗi ya fashe sai ka ji an yi saurin cewa suisui ping'an, lafiya kowace shekara, domin fashewa da shekara duk sui ne. Kai ɗan kasuwa, wannan ba ranar kukan faɗuwar naira ba ce, ba kuma ranar ƙorafin kwantenar bara ba.

Rana ta biyu matan aure suke zuwa gidan iyayensu da miji da yara. Wannan tsari ya fito ne daga zamanin da gida yake da 'ya'ya da yawa. Bayan dokar haihuwar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, akwai ma'aurata birjik da kowannensu shi kaɗai ne a wurin iyayensa, kuma tambayar gidan wa za a yi daren jajibiri tana haddasa rigima ta gaske. Wasu suna karɓa-karɓa, wasu suna haɗa surukai a wuri ɗaya. Rana ta biyar ake ɗage yawancin hane-hane, 'yan kasuwa suna tarbar abin bautarsu na dukiya. Shaguna da ofisoshi da yawa suna son buɗewa ranar takwas. Sha biyar ga wata, daren da wata ya cika, shi ne bikin fitilu: ana rataye fitilun takarda, ana cin tangyuan, ƙananan curi kamar na fura da aka yi da shinkafa mai danƙo, da riɗi a ciki. Da shi biki yake rufewa.

Zamanka a matsayin Musulmi

Hukuncin halartar bikin waɗanda ba Musulmi ba magana ce ta malamai, kuma su ya kamata ka tambaya, ni tafinta ne. Abin da zan iya yi shi ne in rarrabe maka abin da ke ciki, don ka kai musu tambaya daidai. Akwai ɓangaren bauta: turare ga kakanni, abin bautar murhu da na dukiya, zuwa haikali. Wannan ba a tilasta wa baƙo, kana iya tsayawa a waje. Akwai ɓangaren zumunci: abinci, gaisuwa, kyauta ga yara. Gidaje kuma sun bambanta ƙwarai. Gidan Foshan da na je, ban da ɗan turaren da uwar mai gidan ta kunna a bakin ƙofa, ban ga wata bauta ba. Gida biyu na sani daga ciki, a ƙasar da ta fi mutum biliyan ɗaya da miliyan 400, don haka ka tambayi abokinka yadda nasu yake.

Abinci ne zai fi ba ka aiki. Cewa ba ka cin alade bai isa ba, domin mai girki zai cire naman ya bar maka romon. Ka ambaci abu uku tun kana Kano: naman alade, kitsensa da ake suya da shi, da giyar girki da suke kira liaojiu, wadda ake zuba wa kifi da kaza kusan kullum. Kalmar da za ta buɗe maka hanya ita ce qingzhen, ita ce halal a wurinsu, kuma Sinawa sun san ta domin ƙabilu goma na ƙasar Musulmi ne. Ka roƙi a sayo nama daga mahautan qingzhen, ko ka tsaya a kan kifi da ƙwai da ganye a tukunya mai tsabta. Ka sani kuma gidajen taliyar Musulmi da muke dogara da su a birane, da yawansu suna rufewa a kwanakin nan, don haka ka riƙe ɗan guzuri.

Giya ita ce jarrabawa ta biyu. Akwai farar giya mai ƙarfi, baijiu, kuma mai gida yana ganin girmamawa ce ya cika maka kofi. Kada ka ce ba ka jin daɗi ko sai anjima, domin za a yi ta matsa maka. Ka faɗa sau ɗaya a fili cewa addininka ya hana, ka ɗaga kofin shayi ka ce yi cha dai jiu, shayi a madadin giya. Magana ce tasu da suka sani, suna karɓarta. Idan za ku haɗa kofi da dattijo, ka sa bakin naka ƙasa da nasa. Salla kuwa, ka nemi ɗan wuri ka faɗi lokutanta, ban taɓa ganin wanda ya hana ba. A Shandong kakan da kansa yake korar yara daga ɗakin idan ya ga na ɗauko darduma.

Tikiti ka bar wa abokinka ya saya, ko ka iso da wuri ku tafi a motarsa. Idan arewa ne ka nemi rigar sanyi ta gaske a can, wadda muke sawa da hunturu ba za ta yi ba. Kwana uku ko huɗu sun isa, daga jajibiri zuwa rana ta biyu ko ta uku, domin bayan nan suna da dangin da za su zagaya.

Tsaraba kuma, kada ka ɗauki kilishi, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga. Kayan fata na Kano, jaka ko matashi, suna burge su, ka ƙara da kwandon lemo da ganyen shayi mai kyau da za ka saya a can. Ka ba da abu bibbiyu, ka naɗe da ja. Agogo ba ya cikin kyauta, domin "ba da agogo" lafazinsa ɗaya da raka mamaci. Haka lema, sunanta ya yi kama da rabuwa. Na san hannunka zai kai kan hula, domin ita ce kyautarmu ta girma, kuma zanna bukar mai kyau za ta yi daidai da kan dattijon gidan. Ka zaɓi mai ja ko ruwan zinariya. Kore dai ka bar ta a Kwari, domin a Sinanci wanda aka ce ya sa koriyar hula, ana nufin matarsa tana cin amanarsa.